Makon Farko a Jami'a: Tambayoyin Sababbin Ɗalibai a Ngawundare, Garwa da Marwa

Duk shekara idan sakamakon bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ya fito, wayata ba ta hutawa. Ƙannen abokai, 'ya'yan maƙwabta, har da iyayen da gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, kowa da tasa tambayar, don an san a nan arewacin Kamaru na yi jami'a, kuma shekara biyu ina cikin tsofaffin ɗaliban da ke tarbar sababbi. Tambayoyin ba su cika canzawa ba, shi ya sa na tattara su wuri guda da amsar da nake bayarwa a zaure.

Yaya, mece ce wannan ranar tarbar sababbin ɗalibai? Dole ne in je?

Ba wanda zai kira suna ya ga ko ka zo. Amma ka je, ƙanena, ko da rance za ka ci na kuɗin mota.

A farkon shekarar karatu, wadda a Kamaru takan kama a watan Oktoba, kowace tsangaya takan tara sababbin ɗalibanta a babban ɗakin lacca, wanda muke kira amfi. Shugaban tsangaya, wato duwayan, zai yi magana, shugabannin sassa za su tashi ɗaya bayan ɗaya, sai ma'aikatan ofishin rajista da na asibitin jami'a da na ɗakin karatu. Wani zai ce ai surutun manya ne. Akwai surutu, ban musa ba. Sai dai a cikin surutun nan ne za a faɗi ranar rufe rajista, da yadda ake lissafin maki, da ƙofar da za ka buga idan sunanka bai fito ba. Kuma sau ɗaya ake faɗa.

A lise, wato makarantar sakandare, an saba maka da sa ido. Akwai mai kula da ɗa'a a bakin ƙofa, akwai kiran suna, idan ka yi fashi a aika gida. Jami'a ba ta bin kowa. Za ka iya kwana uku a ɗaki ba wanda ya sani, sai ranar da aka manna sakamako. Yaran da na ga sun yi asarar shekarar farko, yawancinsu ba daƙiƙai ba ne. Wani abu ne ƙarami ya wuce su a makon farko, kunya kuma ta hana su tambaya.

Jami'o'in gwamnati nawa ne a arewa, kuma ina zan dosa?

Uku ne. Babbar yayarsu ita ce ta Ngawundare, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1993. Ba a cikin gari take ba, tana Dang, kimanin kilomita 15 a kan hanyar Garwa, don haka wanda ya sauka daga jirgin ƙasan Yawunde da safe, da sauran tafiya a gabansa. Ta Marwa an kafa ta a 2008, ta yi suna da babbar makarantar horar da malamai da kuma makarantar injiniyoyi. Ta Garwa ce auta, a 2022 aka kafa ta tare da ta Bertuwa da ta Ebolowa.

Abin lura shi ne ba kowane sashe ne ke zaune a babbar haraba ba. Makarantar ilimin ma'adinai ta Jami'ar Ngawundare, alal misali, a Maiganga take. A Marwa ma gine-ginen jami'a ba wuri guda suke ba, akwai na Kongola, akwai na Wuro-Cede. Kafin ka hau babur, ka tabbatar da sunan tsangayarka da unguwar da taron zai gudana, kada ka ce wa mai babur “kai ni jami'a” kawai.

Waɗanne takardu zan riƙo?

Takardar haihuwa, takardar makin bak ko GCE, ta furobatuwa (jarrabawar shekarar da ke kafin bak), katin ɗan ƙasa, ƙananan hotuna, da takardar da ka fitar bayan ka cike rajistar farko ta intanet. Kwafen da za ka miƙa sai an manna masu tambur an buga hatimi a ofishin su-furefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gunduma, ko na magajin gari. Ka yi wannan tun a garinku, inda layin bai kai na garin jami'a ba. Ainihin takardun ka sa su a jakar leda, ka nuna idan an nema, amma kada ka bar su a hannun kowa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna da mu Hausawa da Fulani: rubutun suna. Sunayenmu da bakin Faransanci aka rubuta su, kuma kowane akawu da yadda kunnensa ya ji. Muhammadu ɗaya ne a gida, amma a takarda akwai Mohamadou, Mahamadou, Mouhamadou, Hamadou. A shekarata ta farko na je wani shagon kwamfuta aka cike mini rajista. Shagon ya cika maƙil, yaron da ke bugawa yana sauri, ya tambaye ni suna na faɗa da baki, ya buga yadda ya saba, na karɓi takarda na ninke ban karanta ba. Sai da sakamakon zangon farko ya fito na ga harafi ɗaya ya bambanta da na takardar haihuwata. Harafi ɗayan nan ya ci mini makonni ina rubuta takardar koke ina kai kwafe-kwafe. Da a makon farko na gani, da minti biyar ya isa. Saboda haka ka ajiye takardar haihuwarka a gefen kwamfuta, ka bi sunan harafi-harafi, da ranar haihuwa da garin haihuwa, kafin a danna aikawa. Idan an ba ka lambar ɗalibi, wato matirikil, ka haddace ta kamar lambar wayarka, don da ita za a san ka har ka gama.

Nawa ne kuɗin makaranta, kuma wa zan ba?

Ga ɗan Kamaru a tsangayoyin gama-gari, sefa 50,000 ne a shekara, jaka hamsin ke nan, kuma haka yake tun gyaran tsarin jami'o'i na 1993. Ana iya biya kashi biyu, 25,000 sau biyu. Ban da wannan akwai ƙananan kuɗaɗe irin na rajistar farko da na gwajin lafiya. Wasu kwasa-kwasan koyon sana'a kuɗinsu ya zarce haka sosai, sai ka duba na fanninka.

Wa za ka ba? Ba kowa. Ba a miƙa kuɗin makaranta a hannun mutum. Ana biya ne a banki ko ta hanyar da jami'a ta rubuta a sanarwarta, a ba ka rasit. A makon farko za ka ga samari masu fara'a a bakin ƙofa suna cewa kawo in rage maka wahalar layi, ina da mutum a ciki. Wasunsu da gaske taimako suke yi, amma ba ka da hanyar rarrabewa. Na ga yarinya zaune a kan dakali tana kuka, kuɗin da mahaifiyarta ta tara a adashi ya tafi tare da mai fara'ar. Zuwa da kai ya fi aike. Rasit kuma ka yi masa kwafi uku, ka ɗauke shi hoto a waya, domin ana iya neman sa a ƙofar ɗakin jarrabawa.

An ce akwai “kiredi” da “Se-Se” da “ratirafaj”. Ban gane komai ba.

Wannan ne sashen jawabin da ya kamata ka fito da biro, domin a nan ake faɗuwa.

Tun 2007 jami'o'in Kamaru ke bin tsarin da ake kira LMD: lisans (digirin farko) shekara 3, masta shekara 2, dakta shekara 3. Kowace shekara zango biyu ce. Kowane darasi yana da nauyinsa da ake aunawa da kiredi. Zango ɗaya kiredi 30 ne, shekara 60, lisans gaba ɗaya 180. Idan ka ci darasi, wato ka samu 10 cikin 20 ko sama, kiredinsa ya zama naka. Wanda ka faɗi kuma bashi ne a wuyanka, yana nan yana jiran ka. A lise lissafi mai kyau yakan rufa wa tarihi asiri a jimillar ƙarshe. A nan kada ka dogara da haka, sai ka ji dokar tsangayarku da kunnenka, domin yawan kiredin da ake buƙata kafin a wuce aji, da yadda ake haɗa makin darussa, a ranar nan ake bayyana su.

Se-Se shi ne gwajin tsakiyar zango. A yawancin tsangayoyi yana ɗaukar kashi 30 cikin 100 na makin darasi, babbar jarrabawa ta ɗauki 70. Sabon ɗalibi yakan raina shi, ya ce ai ƙaramin gwaji ne, ya tafi bikin ɗan'uwa a Gidar ko Mokolo. Yi lissafi da kanka: wanda ya samu sifiri a Se-Se, sai ya haura 14 cikin 20 a babbar jarrabawa kafin ya taɓa 10. Ratirafaj kuma jarrabawar gyara ce ga wanda ya faɗi. Rahama ce, amma tana cin hutu da kuɗin abinci da na mota.

Darussan kansu iri uku ne. Akwai babbar lacca a amfi, inda malami ke magana ta lasifika ga ɗaruruwan mutane. Akwai Te-De, inda ake raba ku rukuni-rukuni ana warware tambayoyi. Akwai Te-Pe, aikin hannu a ɗakin gwaje-gwaje ga 'yan kimiyya. A Te-De ne za ka iya ɗaga hannu a ji ka, don haka ka nemi sunanka a jerin rukuni tun makon farko.

Ta ina zan riƙa sanin abin da ke gudana?

Allon sanarwa na sashenku, wanda ɗalibai ke cewa babiyar, da wakilin ajinku, wato delege. Ku za ku zaɓe shi, shi ne kuma zai buɗe zauren WhatsApp na aji. Ka shiga zauren, amma kada ya hana ka tsayawa a gaban allo kullum. Abin da aka manna da hatimi shi ne magana. Na waya wani lokaci jita-jita ce.

Faransancina ba shi da ƙarfi, makarantar faranko-arab, ta Faransanci da Larabci, na yi. Zan iya kuwa?

Za ka iya, amma watanni biyun farko za ka sha wuya, gara ka sani tun yanzu. Malamin jami'a ba ya tsayawa ya maimaita jimla don ka rubuta. Magana yake yi kamar ruwan sama, kai ne za ka tari abin da ka iya. Maganin shi ne sammako. A amfi, bencin gaba da na baya kamar gari biyu ne: na gaba yana jin kowace kalma yana ganin allo, na baya yana jin amon lasifika da hirar maƙwabta. Wanda ya zo a makare a makonnin farko, a kan matakala ko bakin taga zai zauna da littafi a gwiwa.

Ka samu mutum uku ko huɗu ku riƙa haɗa rubutunku da yamma, abin da ya wuce wannan, wancan ya kama. Kuma ina roƙon ka, kada rukunin ya zama na 'yan unguwarku zalla. Daɗin Hausa da Fulatanci zai ja ka, ni ma ya ja ni, amma jarrabawa da Faransanci za ka rubuta ta. Ka sa ɗan Duwala ko ɗan Bafusam a cikinku. Akwai kuma darasin harshe na biyu, tunda ƙasar harsunan hukuma biyu gare ta: mai Faransanci zai yi Ingilishi, mai Ingilishi zai yi Faransanci. Shi ma da kiredinsa, kada ka yi masa riƙon sakainar kashi.

Wanda ya tashi a makarantar allo yana da makamin da bai san darajarsa ba. Kan da ya saba da hadda da tashin asuba, ba ƙaramin jari ba ne a nan.

Ina zan kwana?

Ɗakunan kwanan jami'a ba su isar kowa, ana nema ne a rubuce, wanda rabonsa ya tsaga ya samu. Yawancin ɗalibai a gidajen haya na ɗalibai suke, waɗanda ake kira minisite, kuma masu gidajen sukan nemi kuɗin watanni da yawa a dunƙule. Kada ka biya ɗakin da ba ka gani da idonka ba. Ka duba rijiya ko famfo, ka leƙa ban-ɗaki, ka gwada sakatar ƙofa, ka tambayi wanda ke zaune a gidan yadda wuta take, ba mai gidan ba. Ka karɓi rasit da sa hannu.

Kayan da za ka ɗauka sun danganta da garin. Ngawundare a kan tudu take, sama da mita 1,000, kuma ɗan Garwa da ya hau tsaunin nan na hanya da 'yar shara zai gane kurensa a watan Disamba, lokacin da ruwan alwala ke yanka hannu da asuba. Ka tafi da bargo da rigar sanyi. Garwa da Marwa kuwa zafin Maris da Afirilu ne abin shiri, yana haura digiri 40. Gidan sauro dole ne a duk ukun. Ka ƙara da ƙaramin risho ko tukunyar gas, da garin tuwo da busasshiyar kuɓewa da yakuwa daga gida, domin fanke da waken bakin hanya kullum, aljihu ba ya jurewa.

Ni uba ne. 'Yata ta ci bak, amma hankalina bai kwanta ta tafi wani gari ita kaɗai ba.

Baba, damuwarku a kan hanya take, ba zan ce babu abin tsoro ba. Amma shawarata ita ce ku rako ta da kanku a wannan makon, ku ko mahaifiyarta ko wani babban wanta. Ku ga ɗakin, ku gaisa da mai gidan, ku san da wa za ta zauna. Akwai gidajen da mata zalla ke ciki. Ku nemi wani dattijo ko wata dattijuwa daga cikin 'yan'uwa a garin, a Ngawundare da Marwa da wuya Bahaushe ya rasa nasa, ku damƙa amanarta, ta san tana da gidan zuwa ranar hutu da ranar ciwo. Gani ya kori ji: idan kun tsaya a bakin amfi kun ga 'yan mata da hijabansu suna shiga da littattafai, zuciyarku za ta sauka.

Ku kuma dubi ɗaya gefen. Idan iyalinku ba su da lafiya, kun fi so likita mace ta duba su. Likitar nan 'yar wani ce da ya daure ya bar ta ta tafi. Allah Ya ƙara girma, ku ba ta wannan damar, ku riƙa kiran ta, kuɗin abincinta kuma kada ya yi jinkiri, domin yunwa ce ke buɗe ƙofar da kuke tsoro.

Ke kuma ƙanwata, a ranar tarba ki saurari inda aka ce a kai ƙara idan wani ya matsa miki, malami ne ko ɗalibi. Ki rubuta sunan ofishin. Kada ki je ganin kowa ke kaɗai a wajen lokacin aiki, kuma maki ba abin roƙo ba ne.

Salla fa? Na ji ana lacca har ranar Juma'a.

Ana yi, wani lokaci har Asabar. Jadawalin ba a kan lokutan salla aka gina shi ba, kai ne za ka tsara kanka. Akwai masallatai a kewayen harabobin, kuma 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi, CAMSU, sukan nemi sababbi a makon farko. Idan wani darasi ya ci karo da Juma'a, ku bi ta hannun delege ya yi wa malamin magana cikin ladabi tun farkon zango. An fi samun biyan bukata ta haka fiye da ficewa ana tsakiyar lacca.

Daga Cadi nake zuwa. Akwai abin da ya bambanta?

Ba za ka yi kaɗaici ba, 'yan Cadi suna da yawa a Ngawundare da Marwa, daga Njamena da Mundu da Sar da Bongor, kuma suna da ƙungiyoyinsu masu tarbar baƙi. Kuɗin ƙasashen biyu ɗaya ne, ba ka da wahalar canji. Ka tsaya kan takardu: na shiga ƙasa da na zama su kasance cikakku, kwafen bak ɗinka da hatimi tun daga gida, sannan ka tambayi ofishin rajista da bakinka abin da ake nema daga ɗalibin waje da adadin da zai biya, kada ka tsaya ga abin da wani ya ce shi ya biya bara. Idan ta Kuseri za ka shigo, ka yi tafiyar rana, takardunka a jikinka ba a cikin kayan da aka ɗaure a saman mota ba.

Tsofaffin ɗalibai suna cin zalin sababbi?

Tsokana dai akwai, za a gane ka daga yadda kake rungume da jakar takardu kana karanta sunan kowane gini. Ka yi murmushi ka wuce. Wanda ya nemi kuɗi ko ya taɓa jikinka da sunan al'ada, wannan ba al'ada ba ce, ka kai ƙara. Mafi yawansu kuwa alheri ne gare ka: a hannunsu tsofaffin tambayoyin jarrabawa suke.

Fannin da na zaɓa bai kwanta mini ba. Zan iya canzawa?

Idan za ka canza, yanzu ne, kafin a rufe rajista. Ka je wurin shugaban sashe da takardar buƙata. Amma ka bambance tsangayar da ake shiga da takardu da makarantun da ake shiga ta gasar jarrabawa, wato konkur, irin su makarantar malamai, ta injiniyoyi, ta likitan dabbobi da karatun likita. Waɗannan ba a tsallaka masu daga gefe, sai ka jira gasar baɗi. Da yawa sukan yi rajista a tsangayar kimiyya su riƙa shirin konkur a lokaci guda. Dabara ce mai kyau, muddin ba ka saki na hannu ba.

Ban samu zuwa ranar ba, kuɗi bai haɗu da wuri ba. Shi ke nan na yi asara?

A'a. Ranar da ka iso, kafin ma ka kwance kaya, ka yi abu uku: ka karanta allon sashenku daga sama har ƙasa ka ɗauki hotonsa, ka nemi delege ya sa ka a zaure ya faɗa maka rukuninka na Te-De, sannan ka je ofishin rajista ka tambayi ranar rufewa da ranar gwajin lafiya. Ka ari littafin wanda ya fara tun farko ka kwafe a daren nan. Idan ka shiga ofis, ka gaisa, ka faɗi sunanka da sashenka da matirikil, ka yi tambayarka a taƙaice. In ba ka gane amsar ba, ka ce ba ka gane ba, a sake maka. Matambayi ba ya ɓata.

To ranar kanta, ƙarfe nawa zan fita, me zan sa?

Ka isa awa guda kafin lokacin da aka rubuta, ko da taron zai yi jinkiri, don ka samu benci a gaba. Tufafi masu tsabta sun isa; kaftani da hula ko doguwar riga da mayafi ba wanda zai ce maka don me. Ka karya kumallo sosai, kunu da ƙosai ma ya wadatar, domin taron yakan kai azahar. Ka riƙe gorar ruwa, biro biyu, littafi ɗaya, da 'yan canji na babur a aljihun da ba na waya ba.

Idan an tashi, kada ka bi ayarin masu fita ƙofa. Ka zaga da ƙafarka ka ga amfin da za ku fara lacca, da ofishin sashenku, da asibiti, da ɗakin karatu, da famfon da za ka yi alwala. Wanda ya zauna kusa da kai a taron, ka tambaye shi sunansa da garinsu, ku karɓi lambar juna, ku yi alkawarin wanda ya riga isowa ranar Litinin zai kama wa ɗan'uwansa wuri.